Ƙwarya Uku a Garken Janar

Ranar Juma'a, tsakanin huɗuba da sallame salla, aka ɗauke Janar daga turkensa. Maza sun dawo daga masallaci da dadduma a kafaɗa, suka tarar da ƙofar garke a buɗe, igiya a yashe a ƙasa. Ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi.

Janar rago ne balami, fari tas. A suna na Alhaji Uwaisu ne, amma a aiki na unguwa ne baki ɗaya, domin shi ne ragon iri. Unguwar tana bayan kamfanonin jima na Challawa, inda warin fata kan shigo har cikin tuwo in iska ta juyo. Duk matar da ke da tunkiya can take kai ta barbara, ta bar wa Alhaji kwanon dusa na godiya. Sai dai bana abin ya ƙi. Tumaki sun fi arba'in da suka kwana a garken, ba wadda ta ɗauki ciki. Janar kuwa sai ƙiba yake yi, gashinsa na sheƙi, amma in an kawo masa tunkiya sai ya shinshina ta ya koma kan harawarsa. Wasu suka ce ruwan kamfani ne, wasu suka ce baki ne.

Kafin La'asar unguwa ta samo ɓarawonta. Musbahu ne, mutumin Tasawa ta Nijar, mai kula da tukunyar tururi a wani kamfanin jima, wanda ke haya da iyalinsa a ƙarshen layi. Ba a gan shi a masallaci ba. An ga sawun takalmin kamfani a garken. Sannan kowa ya tuna ranar da ya ce a gaban mutane ragon ya tashi daga namiji, Alhaji ya kusa marinsa. Samari har sun fara neman gora, Mai Unguwa ya shigar da Musbahu zaurensa ya rufe, ya aika a kira Malam Ɗahiru.

Malam Ɗahiru ya shekara talatin yana bin sawun ɓarayin shanu kafin kwalta da siminti su cinye masa sana'a. Ba a taɓa jin ya nuna mutum ya zama ba shi ba ne, kuma ya san da haka, wanda shi ne ɗan aibinsa. Tun da idonsa ya iya karanta ƙasa sai ya ɗauka ya iya karanta komai: ciwon baya, lalacewar famfo, cutar dabbobi, duk yana da magani. Shi ne ma yake zuwa duk Talata ya yi wa Janar allura, saboda hannun Alhaji yana rawa.

"Malam, na ba ka zuwa Lahadi bayan La'asar," in ji Mai Unguwa. "In ba ka kawo wani ba, zan miƙa shi ga 'yan sanda. Ka kuwa san kamfani ba ya mayar da wanda ya kwana a hannunsu kan sata. Mai gidan hayarsa ma ya ce ya kwashe yaransa."

"A kulle mini garken," in ji Malam Ɗahiru. "A kawo mini ƙorai."

*

An yi ruwa daren Laraba, ƙasa tana da taushi, amma 'yan kallo sun tattake rabin labarin. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Kusa da turke ya sami sawun takalmin kamfani, babba, gefensa ya bushe ya fara zubewa. Ya kife ƙwarya a kai, kamar yadda masu bin sawu ke yi don kada iska ko kaza ta ɓata shaida. A bakin ƙofa ya sami wani, rabin dunduniya kawai, zanen ƙasansa iri ɗaya da na farko, sabo fil. Ya kife ta biyu.

"Ai ka gani, duk nasa ne," in ji Alhaji Uwaisu, yana tsaye yana huci.

"Alhaji, rabin ma'aikatan Kano irin takalmin nan ake ba su."

A waje ne abin ya ɗaure masa kai. Sawun ya bi bayan katanga, ya ratsa gonar gero, ya nufi titi. Kofaton Janar yana sauka a kan sawun mutumin, taku daidai, babu turjiya ko sau ɗaya. Ragon da ake ja yakan kafe ƙafafun gaba ya bar layi biyu a ƙasa. Wannan bin mutumin yake yi da kansa. Janar kuwa tunkuyi ne da shi kamar me, sai ƙarti biyu sun danne shi ake yi masa allura. A bakin kwalta sawun ya ƙare, sai alamar taya uku ta adaidaita sahu.

*

Musbahu yana zaune a kan tabarma a zauren Mai Unguwa, idonsa ja, bai taɓa abincin da aka ajiye masa ba.

"Ina kake lokacin salla?"

"Ina bakin tukunya, Malam. Ba a barinta ita kaɗai. Shugabanmu zai shaida, amma ya tafi garinsu sai Litinin."

"Sawunka yana garken."

"Alhamis da safe na je ɗauko tunkiyar matata. Karo na uku ke nan tana dawowa haka nan."

"Me ya sa ka ce ragon ya tashi daga namiji?"

Musbahu ya ɗago kai. "Malam, cikin tumaki na girma. Na kai hannu na taɓa marainansa, sun yi laushi sun motse, ba kamar bara ba. Na ce wa Alhaji a kai shi wurin lokotoro, likitan dabbobi, wani abu yana cin ragon nan daga ciki. Sai ya ce baƙin ciki nake yi. To in na san bai da amfani, don me zan sace shi?"

"Don nama."

"Da na ja shi, da kun ji ihuna daga masallaci. Ku dubi nan." Ya ɗage wando ya nuna tabo a gwiwa. "Aikinsa ne."

Malam Ɗahiru ya dubi ƙafar, ba tabon ba. Ƙafa ce mai faɗi, ba za ta shiga sawun bakin ƙofa ba. Ya ji tausayin mutumin, amma ya san girman ƙafa ba zai kwantar da unguwar da ta riga ta yanke hukunci ba.

*

Asabar da hantsi ya hau mota zuwa Sharaɗa. Akwai mutum guda da ya daɗe yana naci a sayar masa da Janar, kuma yana da adaidaita sahu ta kansa: Sagir, mai shagon maganin dabbobi, wanda ke kiwon ragunan layya a bayan shagon.

"Kai, Baba, ni?" Sagir ya yi dariya har da dukan cinya. "Ku shiga baya ku ƙirga. Jiya ma adaidaitar tana wurin bakanike, an sauke inji. Kuma ragon da ya taɓa jefa ni cikin kwatami, shi zai bi ni?"

Malam Ɗahiru ya shiga ya duba. Raguna takwas, babu balami ko ɗaya. Ƙafar Sagir kuma silifa ce.

"Tun da kun zo, in ba ku mai jan murfi?" in ji Sagir, yana miƙa hannu kan kanta. "Ko wadda kuka saya makon jiya ba ta ƙare ba?"

Mai jan murfi ita ce allurar Janar. Wata huɗu da suka wuce ƙafarsa ta kumbura, Malam Ɗahiru ya sayo ta ya yi masa, kumburi ya sace cikin kwana biyu. Da ya ga ragon ya buɗe ciki yana ci yana murjewa, sai ya ce a ci gaba duk mako, ai masu kiwon layya haka suke yi.

"Sagir, allurar nan ba ta da illa?"

"Haba Baba. Ragunan layya nawa na yi wa? Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi."

Yana cikin motar komawa wani abu ya faɗo masa. Jiya ya dubi ƙasa sosai a garken, amma bai ɗaga kai ya dubi bango ba.

*

A ƙarƙashin rumfar garken akwai alkuki a jikin bango. Nan yake ajiye kwalbar da sirinji da hannunsa duk Talata, kuma ya san ya bar ta da fiye da rabi. Alkukin wayam. Ga ƙararrawar tagulla ta wuyan Janar a rataye a ƙusa, abin da ɓarawo zai fara sa wa aljihu, ba a taɓa ta ba.

Ya zauna a kan turmi yana tunani. Mai son nama ba ya ɗaukar rabin kwalbar magani. Mai son sayarwa ma haka. Wanda ya tafi da kwalbar nan niyyarsa ya ci gaba da kula da ragon, kuma ya san abin da ake ba shi.

Ya yi sallama a ƙofar cikin gida. Hajiya Safiya, matar Alhaji, ta amsa daga bayan labule. Tun jiya ya tambayi mata bakwai a layin, kowacce ta ce ba ta ga komai ba. Rago kamar ɗan maraƙi ya ratsa unguwa da rana tsaka, a lokacin da mata kaɗai ke gida, a ce ba wadda ta gani.

"Hajiya, wa ya zo gidan nan jiya?"

"Malam, gidan nan baƙi ba sa yankewa."

"To wa Janar yake bi ba tare da igiya ba?"

Ya ji motsin awarwaronta.

"Hajiya, akwai bawan Allah a kulle a zauren Mai Unguwa. Gobe za a miƙa shi. 'Ya'yansa uku."

"Uwarsa ta mutu yana ɗan kwana biyar," in ji ta a hankali. "Wadda ta shayar da shi a bulumboti, ita yake bi. Wallahi Malam ban yi barci ba jiya. Na rasa ta inda zan fara gaya wa Alhaji."

*

Aina'u ita ce 'yar Alhaji ta uku, ita ce kuma ta shayar da Janar. Tana aure a Nassarawa, tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin haɗa maganin dabbobi a Bompai. Lahadi da safe Malam Ɗahiru ya isa gidan. Tun daga zaure ya ga ƙaramin takalmin kamfani a jingine, da busasshiyar jar laka ta Challawa a dunduniya. Janar yana tsakar gida a gindin dalbejiya, yana tuƙa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta yi ƙoƙarin ɓoye komai ba. "Na san ku za a turo, Baba."

"Aina'u, ki saci ragon ubanki?"

"Sau uku ina roƙonsa a daina allurar nan. Ya ce ba 'yar da ya haifa za ta koya masa kiwo ba, Malam Ɗahiru ne ya ce a yi, kuma Malam Ɗahiru bai taɓa kuskure ba."

Maganar ta soke shi. Ya nemi kujera ya zauna.

Ta kawo kwalbar ta ajiye a gabansa. Ta ce maganin na kumburi ne, kuma yana da kyau in an yi shi kwana biyu ko uku an tsaya. Amma akwai wani sinadari da marainan namiji ke yi, shi ke sa rago ya nemi tunkiya, shi ke sa ya iya ba ta ciki. In aka daɗe ana dirka wannan allura, jiki sai ya rage yin sinadarin, maraina su motse, sha'awa ta mutu. Ƙibar da ake gani kuma rabinta ruwa ne.

"Sagir ya ce ragunan layya nawa ya yi wa, ba a taɓa ƙorafi ba."

"Baba, ragon layya wuƙa yake jira. Wa ya taɓa kai masa tunkiya balle ya gane? Ko naman ma ba a so a ci sai maganin ya fita daga jiki."

Abu ne a fili kamar sawun raƙumi, kuma wata huɗu yana taka shi bai gani ba.

"To me ya sa kika ɗauko kwalbar, tun da ita ce cutar?"

"Saboda ba a yanke ta lokaci guda. Jikinsa ya saba, ya daina yin nasa. In aka tsayar yau ɗaya zai iya faɗuwa ya mutu. Likitan wurin aikinmu ya duba shi jiya, ya rubuta yadda za a dinga ragewa kaɗan-kaɗan har mako shida, da wasu sinadaran abinci da za a haɗa masa. Bayan nan a jira kamar wata biyu a gani."

"Zai dawo?"

"Likita ya ce akwai fata. Bai ce tabbas ba."

Sai ya gaya mata zancen Musbahu. Ta miƙe zumbur, hannu a ƙirji. "Innalillahi! Ba wanda ya gaya mini. Na ɗauka za a yi cigiya kwana biyu, in kira mahaifina in ya huce." Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. "Mu tafi. Ko zai tsine mini, sai na faɗa."

"Ki zo da ragon bayan La'asar," in ji shi. "Ki tsaya a bayan katanga sai na kira ki."

A hanya ya yi ta juya abin. Yana iya cewa ga rago, ga wadda ta ɗauka, a sallami Musbahu, a bar uba da 'yarsa su ƙarata. Ba wanda zai tambayi kwalba. Sunansa zai ƙara tsawo, a ce ya gano rago har Nassarawa. Yarinyar ce kaɗai za ta zama ɓarauniyar gidan ubanta, kuma ranar Talata Alhaji zai aiko a kira shi allura.

Da ya isa, ya karɓi mukulli ya shiga garken shi kaɗai. A ƙarƙashin alkuki, inda ruwan sama ba ya kaiwa, ya sami abin da yake nema. Ya daɗe a tsaye a kansa kafin ya kife ƙwarya ta uku.

*

Bayan La'asar garken ya cika. Mai Unguwa yana kan kujera, Alhaji Uwaisu a gefensa, Musbahu a tsakiyar samari biyu. Sagir ya zo daga Sharaɗa don kada a yi zancensa ba ya nan. Mata sun yi cirko-cirko a bayan danga.

Malam Ɗahiru ya ɗaga ƙwarya ta farko. "Wannan na Musbahu ne. Na ranar Alhamis ne, ya kwana ya bushe kafin a ɗauki rago. Bai ɗauka ba, bai san wanda ya ɗauka ba. Gaskiya ya faɗa muku game da ragon nan, kuka saka masa da wannan."

Aka fara gunaguni. Ya ɗaga ta biyu.

"Wannan na wanda ya kwance igiya ne. Aina'u, shigo."

Ta shigo, Janar na biye da ita babu igiya, yana goga kai a mayafinta. Alhaji Uwaisu ya miƙe.

"Ke? Ke kika tozarta ni a unguwa? Wallahi yau..."

"Alhaji, dakata. Saura ɗaya."

Ya taka zuwa ƙarƙashin alkuki ya ɗaga ƙwarya ta uku. Sawun takalmin fade ne, tsoho, da alamar faci a dunduniyar hagu, ya hau kan wasu irinsa da yawa.

"Wanda ya kwance igiya rago ɗaya ya ɗauka, kuma ga shi ya dawo. Mai wannan sawun shi ya ɗauke wa matan unguwar nan 'ya'yan tumaki arba'in. Wata huɗu yana zuwa nan duk Talata."

Ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya sa a cikin sawun. Ta zauna daram.

Ya fito da kwalbar daga aljihu, ya faɗi abin da Aina'u ta gaya masa, bai rage ba, bai kuma jingina wa Sagir ko Alhaji ba. Ya ce maganin ragon yanka ya ɗauka ya ba ragon iri, don ya ga ana yi, bai tambayi wanda ya sani ba. Ya ce yarinyar nan ta faɗa sau uku, sunansa ne ya toshe kunnen ubanta.

"Mai Unguwa, ka ce in kawo maka wani a madadin Musbahu. Ga ni."

Mai Unguwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce a saki Musbahu, kuma duk wanda ya ɗauki gora ranar Juma'a ya je har gida ya ba shi haƙuri. Malam Ɗahiru ne ya fara zuwa gabansa.

"Na yafe, Malam," in ji Musbahu. "Amma kwana biyu 'ya'yana ba su leƙa ƙofar gida ba, ana kiransu 'ya'yan ɓarawo. Wannan ku za ku gyara, ba ni ba."

Alhaji Uwaisu ya matso. Ya karɓi kwalbar daga hannun amininsa, ya jujjuya ta, yana duban rubutun da bai iya karantawa ba. Sannan ya miƙa wa 'yarsa, idonsa na wani wuri.

Ranar Talata Malam Ɗahiru ya zo garken da hantsi kamar yadda ya saba. Aina'u ta riga shi, ta biyo kafin ta wuce aiki, tana ɗaga sirinji a haske tana duba layin da likita ya ce. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

"Baba, ku riƙe mini ƙahon."

Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a cikin turɓaya ya kama.

"Haka ya yi?" ya tambaye ta.